Jinyar mai gigin tsufa aiki ne da ake koyo

Wanda ya iya karatu ya karanta da ƙarfi don na kusa da shi su ji, musamman mata, domin su ne nauyin da za mu yi zancensa yau ya fi hawa kansu.

A ajin da nake koyar da manya akwai wata mata mai ƙoƙari ƙwarai. Ta san baƙaƙe duka, ta fara haɗa kalmomi, sai muka daina ganinta. Da ta yi mako 3 ba ta zo ba, na tambaya, aka ce uwar mijinta ce ba lafiya. Na tafi gaishe su da maraice. Na iske tsohuwa zaune bisa tabarma tana cin goro, babu zazzaɓi, babu tari. Ta amsa gaisuwata da kyau, ta tambaye ni mutanen gida. Jim kaɗan ta sake tambayata mutanen gida. Kafin in tashi ta yi mini wannan tambaya sau 5.

Ɗalibar tawa ta rako ni bakin ƙofa, ta ce: "Malam, ka gani da idonka. Yanzu Inna ta ci tuwo, in an jima za ta gaya wa maƙwabta tun jiya ban ba ta komi ba. Ta ɓoye kuɗinta cikin tukunya ta manta, ta ce ni na sace. Shekaranjiya da dare bakin rijiya aka same ta, wai za ta gidan ubanta, shi ko ya shekara 40 da rasuwa. Yaran unguwa sun fara ce mata mayya. Dangin mijina sun ce ba ni kula da ita, shi kuma yana ci-rani. Wallahi na gaji, har na ɗaure kayana sau biyu."

Kun ji. Aure yana neman mutuwa, tsohuwa tana neman faɗawa rijiya, alhali kuwa babu mai mugun nufi cikin gidan. Abin da ya dame su rashin sani ne, wanda aka ce ya fi dare duhu. To, bari mu kunna fitila.

Mine ne gigin tsufa?

Kowa yana mantuwa. Ka ajiye hauya ka manta inda take, in an jima ka tuna. Wannan ba ciwo ba ne. Amma in mutum ya riƙe hauya bai san amfaninta ba, ko ya ɓace a hanyar gonar da ya shekara 50 yana nomawa, ko ya dubi ɗansa ya ce wane ne wannan baƙo, to abin ya wuce mantuwa. Shi ne Hausawa ke kira gigin tsufa, ma'aikatan lafiya kuma suna ce masa demans.

Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Cikin kan mutum akwai ƙananan ƙwayoyi masu ɗimbin yawa waɗanda ke aika wa juna saƙo. Da su muke tunawa, da su muke magana da lissafi da gane hanya. In ciwon ya shiga, ƙwayoyin nan suna mutuwa sannu sannu, shekara da shekaru. Abin da ya shiga kai daga baya shi ke fara fita. Ku dubi bangon ƙasa da damina: yaɓen bana ke fara zubewa, tsohon gini yana nan. Shi ya sa tsohuwa ba ta tuna tuwon da ta ci ɗazu, amma ta san sunan ƙawayenta na ranar aurenta.

Ciwon iri iri ne. Wanda ya fi yawa ana kiransa Alzaima, da sunan wani lokotoro na ƙasar Jamus wanda ya bayyana shi a 1906. Ya duba wata mata mai shekara 51 da ta ruɗe a asibitin birnin Farankfut, bayan rasuwarta kuma ya binciki ƙwaƙwalwarta ya ga ta lalace. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu gigin tsufa wannan iri ne ke gare su. Wani iri kuma yana zuwa ne in hanyoyin jini na cikin kai suka toshe ko suka fashe, kamar yadda ke faruwa ga masu hawan jini da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka sani da OMS, ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke da wannan ciwo a duniya, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna cikin ƙasashen da ba su da ƙarfin arziki. Kowace shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. Ke nan ba ciwon Turawa kaɗai ba ne. Nijar ƙasar yara ce, wajen rabinmu ba su kai shekara 15 ba, amma yawan tsofaffinmu yana ƙaruwa, kuma ciwon yana bin shekaru.

Ku riƙe wannan da kyau. Ba kowane tsoho ke gigicewa ba, da yawa suna kai 90 da hankalinsu garau. Ba a ɗaukar ciwon ta cin abinci tare ko ta taɓa jiki. Tsohuwar da ke kiran sunayen mutane da dare, tana yawo ba mayafi, marar lafiya ce, ba mayya ba ce. Wanda ya bar yara suka jefe ta ya bar su sun jefi majinyaci.

A fara da gidan likita

Kada ku ce tsufa ne kawai ku zauna. Ku kai tsoho gidan likita mafi kusa, a gwada jininsa, a duba hawan jini da ciwon suga, a duba ido da kunne. Wani tsohon kurumta ce ta sa ake ganin ya ruɗe. Wani baƙin ciki ne mai tsanani ya rufe shi bayan rasuwar abokin zama. Wani ƙarancin bitamin ne. Waɗannan duka suna da magani. In abin ya fi ƙarfin likitan CSI, zai tura ku asibitin gunduma, daga nan zuwa manyan asibitoci irin na Yamai da Damagaram.

Akwai kuma ruɗewar da ba a kwana da ita. Gigin tsufa a hankali yake zuwa, wata da watanni. In tsoho ya kwana lafiya, ya wayi gari yana sambatu, ko barci ya rinjaye shi ba a iya tashe shi sosai, ko bakinsa ya karkace, to wani ciwo ne ya taso: zazzaɓin cizon sauro, ciwon fitsari, ciwon huhu, ƙarancin ruwa a jiki, ko shanyewar jiki. A kai shi likita a ranar, ko da dama yana da gigin tsufa.

Game da magani, gaskiya ɗaya ce: har yau babu wanda ke warkar da Alzaima. Akwai ƙwayoyin da ke ɗan taimaka wa wasu na wani lokaci, lokotoro ke rubuta su. A 2023 an yarda da wani sabon magani a Amurka wanda ke rage gudun ciwon kaɗan a farkonsa, amma yana da tsada ƙwarai kuma ba ya warkarwa. Saboda haka duk wanda ya ce ku sayar da akuya ko gona ya maido wa tsohonku hankalinsa, ku riƙe akuyarku. Kada kuma ku sayi ƙwayar barci wajen masu talla a kasuwa don tsoho ya yi shiru. Tana ƙara ruɗa shi, tana sa shi faɗuwa, karayar ƙugu kuwa ga tsoho sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe.

Jinya ita ce babban magani

Tun da ƙwaya ba ta warkarwa, abin da ya rage shi ne kulawa, kuma kulawar nan koyon ta ake yi, kamar saƙa ko karatu. A 2017 ƙasashen da ke cikin OMS suka amince da wani shiri a kan wannan ciwo, cikinsa har da horar da masu jinya na cikin gida. Hukumar ta fitar da littafin koyarwa mai suna iSupport, kashi 5: sanin ciwon, zama mai jinya, kula da kai, hidimar yau da kullum, da abin yi in halin majinyaci ya sauya. Hukumar ta kuma ce mata ke ɗauke da kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake kashewa wajen wannan jinya. Ga abin da kowane gida zai iya koya ba tare da ya kashe dala ba.

Magana. Ku zo masa ta gaba, ya gan ku kafin ya ji ku. Ku durƙusa daidai da shi, ku gaishe shi yadda kuka saba, ku faɗi ko ku wane ne: "Baba, ni ce jikarka, na kawo maka hura." Magana ɗaya a lokaci ɗaya, a hankali, sa'an nan ku jira amsa. Kada ku jarraba shi da "ka gane ni?" ko "mi ka ci ɗazu?" Bai sani ba, kunya za ta kama shi, kunyar ta koma fushi. In ya yi tambaya sau 10, a wurinsa sau ɗaya ya yi ta. Ku amsa kamar yanzu kuka fara ji.

Gardama. Kada ku yi ta, ba za ku ci ba. In Inna ta ce za ta gidan ubanta, kuka ce mata ya rasu, za ta yi kukan mutuwa sabo, in an jima ta manta ta sake tambaya, ku sake sa ta kuka. Ku ce mata: "Inna, kina kewarsa ko? Ba ni labarin gidanku." Ku saurara, ku ɗan zagaya da ita tsakar gida, ku ba ta abin sha. Sau da yawa wanda ke cewa zai tafi gida tsoro ne ke damunsa, yana neman inda hankalinsa zai kwanta.

Zargin sata. Wannan shi ya fi kashe zumunta. Tsoho ya ajiye abu ya manta, sai kansa ya ba shi cewa ɗauka aka yi, kuma wanda ya fi kusa da shi yake zargi, wato mai yi masa hidima. Kada ku rantse, kada ku yi fushi. Ku ce: "Zo mu duba tare." Ku san wuraren ɓoyonsa, ƙarƙashin tabarma, cikin tukunya, bakin zane. Ku bar masa ƴan canji a jakarsa, manyan kuɗi da takardun gona a ajiye wajen wanda dangi suka yarda da shi. Ku kuma dangin miji, in tsohuwa ta ce sarakuwarta ta sace mata ko ta hana ta abinci, ku zo ku wuni a gidan kafin ku yanke hukunci.

Ci da sha. Ku ba shi abinci lokaci ɗaya, wuri ɗaya, cikin kwanon da ya saba. In ya ce bai ci ba, ku ba shi ɗan kaɗan kuma, gara a raba masa abincinsa sau 5 da a yi musu. Ku taɓa kunu ku ji zafinsa kafin ku miƙa. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, mai gigi kuma ba ya tuna ya roƙa. Da bazara, lokacin da zafi ke wuce 40 a ma'auni, ku riƙa miƙa masa ruwa ko hura mai ruwa-ruwa a kai a kai, ku zaunar da shi inuwa. In ya fara ƙwarewa, ku zaunar da shi tsaye sosai, ku ba shi abu mai laushi da ɗan ludayi, kada a ɗura masa yana kwance. Zancen azumi kuwa ku tambayi malamai, sun san cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a ɗora masa.

Wanka da bayan gida. Ku tuna wannan mutum shi ya yi muku wanka kuna ƙanana, kunyarsa tana nan. Mace ta yi wa mace, namiji ya yi wa namiji in da hali. Ruwa mai ɗumi, a rufe shi da zane, a bar shi ya yi abin da zai iya da hannunsa. In ya ƙi yanzu, ku bari an jima. Ku riƙa raka shi makewayi da safe, bayan abinci, da kafin kwanciya. In ya ɓata tufafi, ku sauya masa shiru, ba faɗa, ba a gaban yara ba.

Yawo. Kada ku ɗaure shi da igiya, kada ku kulle shi cikin ɗaki shi kaɗai. Ɗauri yana ƙara masa firgita, yana jawo gyambo, kuma wulakanci ne. Ku gyara gidan. A rufe bakin rijiya, a ɗauke maganin ƙwari da fetur na cikin kwalba da ashana da wuƙa, a kashe wutar murhu in an gama, a rataya wani abu mai ƙara bisa ƙyaure don ku ji in an buɗe da dare. Ku rubuta sunansa da unguwarsa da lambar wayar ɗansa a takarda, a ɗinke cikin aljihun rigarsa. Ku sanar da mai gari da liman da mai shago da ƴan kabu-kabu, wanda ya gan shi a hanya ya gaishe shi ya rako shi gida. Ɓoye ciwon don kunya shi ke sa a tsinci tsoho cikin daji.

Almuru. Da yawansu sun fi ruɗewa tsakanin la'asar da magariba, sai mutane su ce iska ce ta taɓa su. Likitoci sun san wannan hali a ko'ina cikin duniya. Gajiya ce da dushewar haske: inuwar turmi sai ta zama mutum a idonsa. Ku kunna fitila tun kafin duhu, ku rage hayaniya, wani ya zauna kusa da shi. Da rana ya ɗan taka, ya ga haske, kada ya wuni yana barci, kada a ba shi shayi mai ƙarfi da dare.

Aikin hannu. Hannu yana riƙe abin da kai ya saki. Tsohuwar da ba ta san ranar mako ba tana iya ɓarar gyaɗa, tsintar wake, saƙar faifai. Tsoho yana iya tufka igiya ko ba akuya dusa. Ko aikin bai yi kyau ba, ku ce sannu da aiki. Ku tambaye shi labarin zamanin awon gyaɗa, ko inda yake ranar 3 ga Agusta 1960, za ku ga fuskarsa ta sake.

Kwanciya. A ƙarshe ciwon yana kwantar da mutum, magana ta ɗauke. Ku riƙa juya shi kamar kowace awa 2, ku duba ƙugu da baya da diddige, in wuri ya yi ja ko ya yi duhu to gyambo ke tafe. Shimfiɗa ta zama busasshiya mai laushi. Ku goge masa baki, ku shafa masa mai. Ku ci gaba da yi masa magana kuna riƙe da hannunsa, ko bai san sunanku ba yana jin tausayin murya.

Mai jinya ma mutum ce

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan jinya tana iya kai shekara 5, tana iya wuce 10. Macen da ke daka da ɗibar ruwa da reno, sa'an nan ta kwana tana tsaron ƙofa, wata rana za ta daka wa tsohuwa tsawa ko ta ɗaga mata hannu, ta koma tana kuka. Ba mugunta ba ce, ƙarfinta ne ya ƙare. Ke mai jinya, in kin ji ranki ya ɓaci, ki fita waje ki sha iska, ki kira wani ya zauna. In barci ya ƙaurace miki, abinci ya fita ranki, kina kuka ba dalili, ki tafi likita don kanki.

Ku kuma dangi, ku zauna ku raba aikin da sunan kowa, kada a bar shi ga "Allah ya ba ki lada". Wane zai kwana da tsoho daren Litinin, wance za ta karɓi rana ranar kasuwa, jika zai raka shi masallaci. Ɗan da ke Legas ko Abijan ko Libiya ya san abin da zai aiko kowane wata, ya kuma riƙa kiran waya yana gaida mai jinya, ba tsohuwa kaɗai ba. Wanda ya iya rubutu ya buɗe ɗan littafi: maganin da aka sha, ranar da aka faɗi, abin da ya tada hankali da abin da ya kwantar da shi. Ran da aka koma likita a tafi da littafin.

Haka muka yi a gidan ɗalibata. Mun kira ƙanen mijinta da ƴaƴan tsohuwar mata biyu, mai gari ya zauna da mu. Aka rufe rijiya da murfi, aka ja kunnen yara. Ɗiyar tsohuwar ta farko, wadda ta fi kowa zargi, ta karɓi kwana 2, a daren farko uwarta ta ce ta sace mata zane. Da safe ta nemi gafarar matar ƙanenta. Tsohuwa ba ta warke ba, har yanzu tana tambayar mutanen gida sau 5. Amma ɗalibata ta kwance kayanta, ta dawo aji ranar Talata da Alhamis, kuma ita da hannunta ta rubuta takardar da aka ɗinke a bakin zanen Inna.

Mu da ke da sauran ƙarfi, mu san cewa ana iya rage haɗarin ciwon. Masana da suka taru suka duba binciken duniya sun faɗi a 2024 cewa akwai abubuwa 14 da ake iya gyarawa, cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, kurumtar da ba a kula da ita ba, bugun kai, zaman kaɗaici, da rashin zuwa lakkol tun ƙuruciya. Ku gwada jininku, ku sa hular kwano bisa babur, ku sa ɗiyanku lakkol, maza da mata.

In kun taru a ƙungiyarku ta masu saurare, ku tattauna waɗannan tambayoyi. Tsofaffi nawa ke da wannan ciwo a garinku, kuma wa ke jinyarsu? Ƙaƙa ake kiransu, ƙaƙa yara ke yi musu? Wace rana cikin mako za ku iya karɓar wata mai jinya ta huta? Ranar 21 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da wannan ciwo a duniya, ku roƙi likitan garinku ya zo ya zauna da ku a ranar. Abin da kuka yanke ku rubuto mana, za mu karanta wa sauran jama'a.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu jinya haƙuri, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.